Ra'ayinmu: A bar zakara ya yi cara a gidansa

Tsarin tafiye-tafiye da Hukumar Kurket ta Duniya, wato ICC, ta fitar a watan Agusta na 2022 ya nuna cewa ƙungiyar ƙasar Ingila za ta sauka Afirka ta Kudu a watan Disamba na 2026, ta zauna har cikin Janairu na 2027. A cikin wannan ziyara akwai manyan wasanni uku irin na kwana biyar-biyar. Rabon da Ingila ta yi irin wannan wasa a ƙasar tun Janairu na 2020, kusan shekara bakwai ke nan. Saboda haka masu sha'awar kurket na ƙasashen biyu suna ta ƙidayar kwanaki. Na Ingila suna tanadin kuɗin jirgi da na masauki, na Afirka ta Kudu kuma suna ɗokin ganin ƴan wasansu sun kara da tsohuwar abokiyar hamayya a gaban idonsu.

Amma ɗokin bai zo shi kaɗai ba, ya zo da gardama. Waɗansu suna tambaya, don me wasa uku kawai, alhali a da huɗu ko biyar ake yi? Waɗansu suna tambaya, yaya aka yi ƙasar da ta ci kambun duniya a 2025 ta share fiye da shekara ɗaya da rabi ba ta yi babban wasa ko ɗaya a gida ba? Masu tsara jadawali su ma suna da tasu amsa, kuma ba amsar banza ba ce.

Mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba su taɓa kallon kurket ba. Duk da haka mun ga ya dace mu yi magana a kai, domin abin da ke ƙarƙashin gardamar ya shafi kowa. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama cikin kwamiti ya san cewa wanda ya riƙe kalanda shi ya riƙe aiki. Tambayar ita ce: wa ke yanke ranar da wata ƙasar Afirka za ta yi wasa a filinta, kuma bisa wane ma'auni?

Yadda wasan yake

Kafin mu yi nisa, bari mu bayyana wasan a taƙaice. Kowane gefe yana da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon kusan mita 20, an kafa sanduna uku a kowane bakinsa. Mai jifa yana jefo ƙwallo mai tauri don ya kayar da sandunan, mai bugu kuma yana tsaye a gabansu da faffaɗan katako yana karewa. In ya buga ƙwallo ta yi nisa, shi da abokinsa sai su ruga su sauya wuri, kowane sauyi maki ɗaya ne. In ƙwallo ta kayar da sanduna, ko aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita, wani ya shigo. In an fid da mutum goma, sai gefen da ke jifa ya karɓi bugu.

Wasan iri uku ne. Na farko shi ne babban wasa, wanda ake kira Tes. Yana iya kai kwana biyar, ana yin kamar awa shida kowace rana, kuma kowane gefe yana bugu sau biyu. An fara shi a birnin Melbon cikin watan Maris na 1877 tsakanin Ostaraliya da Ingila. Na biyu shi ne wasan yini ɗaya, inda ake ba kowane gefe jifa 300. Na uku shi ne gajeren wasa, wanda ake kira T20, inda kowane gefe ke samun jifa 120, a gama cikin kamar awa uku da rabi. Masana wasan suna ɗaukar Tes a matsayin ma'aunin gwaninta na gaskiya, don a nan ake gwada haƙuri da ƙarfi da dabara. Amma gajeren wasa shi ke cika fili da dare, shi ne kuma ƴan talabijin suka fi biya.

Wani abu kuma da ya kamata a sani: ba a yin kurket cikin ruwan sama ko cikin tsananin sanyi. Afirka ta Kudu tana kudu da tsakiyar duniya, don haka lokacin zafinta yana kamawa daga wajen Oktoba zuwa Maris, daidai lokacin da mu muke cikin hunturu. Tsakiyar wannan lokaci, wato ƙarshen Disamba da farkon Janairu, shi ne lokacin hutun ma'aikata da ƴan makaranta. Ga al'ada ana fara babban wasa ran 26 ga Disamba, a fara wani kuma a kwanakin farko na sabuwar shekara a filin Newlands na birnin Kap, a gindin dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur. Waɗannan ƴan makwanni su ne kakar kurket a ƙasar, kuma a kansu ake rigima.

Dalilin ɗoki

Tsakanin Ingila da Afirka ta Kudu akwai tsohon tarihi. Babban wasa na farko da aka yi a nahiyar Afirka su biyu suka yi shi, a watan Maris na 1889, a garin da ake kira Port Elizabeth a da, Gqeberha a yau. A watan Maris na 1939 kuma suka yi wani wasa a Durban wanda aka ce ba za a tsaya ba sai an sami mai nasara. An fara ran 3 ga wata, har ran 14 ba a gama ba. Ingila tana neman maki 696, ta kai 654, saura 42 kacal, sai ruwa ya sauko, ga shi kuma jirgin ruwan da zai mai da su gida ba zai jira ba. Haka aka tashi ba wanda ya ci. Ashe tun wancan zamani jadawalin tafiya yana iya fin ƙarfin wasa.

A 1968 kuwa siyasa ce ta shiga. Ingila ta zaɓi Basil D'Oliveira cikin ƴan wasan da za su je Afirka ta Kudu. Shi haifaffen birnin Kap ne, amma dokar wariyar launin fata ta hana shi yi wa ƙasarsa wasa, shi ya sa ya yi ƙaura zuwa Ingila. Firaminista John Vorster ya ƙi yarda ya shigo, aka fasa tafiyar. Daga 1970 aka rufe wa Afirka ta Kudu ƙofar kurket na duniya, ba a buɗe ba sai 1991. Yau kofin da ƙasashen biyu ke takara a kansa sunan D'Oliveira yake ɗauke da shi.

A Janairu na 2016, a filin Newlands, a gaban Ingila, wani saurayi mai suna Temba Bavuma, ɗan unguwar Langa ta birnin Kap, ya ci maki 102 ba a fid da shi ba. Shi ne baƙar fata na farko da ya ci wa Afirka ta Kudu maki ɗari a babban wasa. Bayan shekara tara, a watan Yuni na 2025, shi ne ya ja ragamar ƙungiyar zuwa filin Lord's na Landan, inda suka kayar da Ostaraliya a wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya. Suna neman maki 282, Aiden Markram ya ci 136, Bavuma ya ci 66 yana ɗingishi saboda ciwon cinya. Rabon ƙasar da babban kofi na ICC tun 1998.

To, wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin ɗokin jama'a ba. Jikokin mutanen da aka ware wa lungu guda a filin Newlands suna so su zauna inda suka ga dama, su ga tasu ƙungiya, wadda ta ci duniya, ta tari Ingila. Magoya bayan Ingila kuma, waɗanda ake yi wa laƙabi da Barmy Army, sun saba bin ƙungiyarsu dubbai, suna guje wa sanyin Turai. Masu otel, da masu taksi, da masu sayar da abinci a birnin Kap su ma suna cikin masu jira.

Inda gardama take

Bari mu duba lissafi, domin shi ba ya son kai. Da Ingila ta je Afirka ta Kudu a 2004 zuwa 2005, manyan wasanni biyar aka yi. A ziyarce-ziyarce uku da suka biyo baya, waɗanda suka fara a 2009 da 2015 da 2019, huɗu-huɗu aka yi. Yanzu an dawo uku. A gefe guda kuma, duk lokacin da Ingila ta haɗu da Ostaraliya ko Indiya, biyar ake yi. Indiya da Ostaraliya ma, waɗanda suka daɗe suna yin huɗu, sun koma biyar daga ƙarshen 2024.

A zagayen gasar Tes ta duniya na 2023 zuwa 2025, kafin wasan ƙarshe, Ingila ta yi wasa 22, Indiya 19, Ostaraliya 19. Afirka ta Kudu 12 ta yi, biyu-biyu da ƙasashe shida, kuma ba a haɗa ta da Ingila ko Ostaraliya ba. Da ta kai wasan ƙarshe, sai waɗansu tsofaffin ƴan wasa a Ingila suka ce ai hanya mai sauƙi ta biyo. Wannan magana ta ba mu mamaki. An hana mutum shiga babbar kasuwa, sannan a dawo ana yi masa gorin bai san ciniki ba.

Bayan cin kofi, zakarun sun je Zimbabuwe, sun je Pakistan, sun je Indiya. A Nuwamba na 2025 suka ci Indiya a gidanta wasa biyu ba ko ɗaya, abin da ba su yi ba tun shekara ta 2000. Amma wasa biyun ke nan aka ba su, alhali a wannan tafiya an yi na yini ɗaya uku, da gajeru da aka tsara har biyar. A gida kuwa, tun da suka gama da Pakistan a Newlands a farkon Janairu na 2025, jadawali bai ba su babban wasa ko ɗaya ba har ƙarshen Satumba na 2026. Ran 26 ga Disamba na 2025, ranar da aka saba buɗe babban wasa, gasar gajeren wasa ta cikin gida aka buɗe. Sa'an nan jadawalin ya tara musu baƙi a jere: Ostaraliya a Satumba da Oktoba na 2026 da wasa uku, Bangaladash a Nuwamba da biyu, Ingila a Disamba da Janairu da uku. Dogon fari, sa'an nan ambaliya.

Ziyarar Ostaraliya ma tana da nata labari. Rabonta da babban wasa a Afirka ta Kudu tun 2018, shekarar da aka kama wani ɗan wasanta a Newlands yana goge ƙwallo da takarda mai kaushi, har aka dakatar da mutum uku. An shirya za ta koma a Maris na 2021, sai hukumarta ta janye saboda annobar korona, bayan masu masauki sun gama shiri. Asarar ta faɗa kan mai gida.

Hujjar masu tsara jadawali

Adalci ya sa mu saurari ɗaya gefen. Shirya babban wasa yana cin kuɗi: kwana biyar na tsaro, da ma'aikata, da na'urorin talabijin, da masaukin baƙi. Ga al'adar kurket, mai masauki shi ke cin kuɗin talabijin, shi kuma ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Hukumomin ƙananan ƙasashe sun sha faɗin cewa ba sa samun riba sosai sai in Indiya ce ta zo, ko kuma Ingila. In baƙon wani ne, sau da yawa faɗuwa ake yi. Hukumar da aljihunta ya yi sanyi dole ta rage wasannin da ke jawo mata asara.

Kuɗin duniya kuma ba daidai ake raba shi ba. A rabon da ICC ta amince da shi a 2023, na shekarun 2024 zuwa 2027, Indiya ita kaɗai tana ɗaukar kashi 38 da rabi cikin 100. Ingila tana samun kusan kashi 7, Ostaraliya fiye da 6 kaɗan, Afirka ta Kudu ƙasa da 5. Indiya tana cewa daga kasuwarta mafi yawan kuɗin ke fitowa, kuma haka ne. Gasarta ta gajeren wasa, IPL, wadda aka fara a 2008, an sayar da haƙƙin nuna ta na 2023 zuwa 2027 a kan dala miliyar 6 da ɗoriya. Saboda ita, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Mayu kusan ba a yin wasa tsakanin manyan ƙasashe.

Ganin haka ne hukumar kurket ta Afirka ta Kudu ta kafa tata gasa, SA20, a Janairu na 2023. Ƙungiyoyi shida ne, kuma dukansu masu ƙungiyoyin IPL ne suka saye su. Gasar ta karɓu, filaye suna cika, iyaye suna zuwa da yara, kuɗi suna shigowa. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Don a tabbatar manyan ƴan wasa suna nan, hukumar ta yafe wasanni uku na yini ɗaya da aka tsara mata a Ostaraliya a Janairu na 2023, ta bar makin ya tafi. A Fabrairu na 2024 kuma, da ziyarar Niyu Zilan ta ci karo da SA20, sai ta tura ƙungiya mai mutum bakwai da ba su taɓa yin babban wasa ba, har da kyaftin ɗinsu, Neil Brand. An ci su duka biyu, kuma wannan ne karo na farko a tarihi da Niyu Zilan ta rinjaye su a jerin manyan wasanni.

Su ma ƴan wasa suna da nasu lissafi. Ƙarfin jiki ba ya daɗewa, kuma wata biyu a gasar gajeren wasa suna iya kawo abin da shekara guda ta bautar ƙasa ba ta kawowa. Quinton de Kock ya bar babban wasa a Disamba na 2021 yana da shekara 29. Heinrich Klaasen ya daina yi wa ƙasa wasa gaba ɗaya a Yuni na 2025 yana da 33. Mai iyali ba zai zarge su ba. Akwai kuma hujjar gyaran filaye, tun da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya ne aka ba ɗaukar nauyin Kofin Duniya na wasan yini ɗaya a Oktoba da Nuwamba na 2027.

Abin da muka gani

Duk waɗannan hujjoji mun ji su, kuma ba mu ce hukumar Afirka ta Kudu ta rufe SA20 ba. Wanda ya ce a rufe ta, sai ya faɗi inda za a samo albashin ƴan wasa da kuɗin koyar da yara. Amma a ra'ayinmu masu ƙorafi suna da gaskiya, kuma ga dalilanmu.

Na farko, gasar da ake kira ta duniya dole ta kasance da ma'auni ɗaya. In wani ya yi wasa 22 wani ya yi 12, kuma manyan nan uku suna zaɓen junansu, to abin ya fi kama da biki na dangi wanda ake gayyatar maƙwabta su cika wuri. Jerin wasa biyu ma ba ya raba gardama. Wannan ya ci ɗaya, wancan ya ci ɗaya, an tashi ke nan, kamar yadda ya faru a Pakistan a Oktoba na 2025. In ruwa ya ɓata ɗaya, saura ɗaya.

Na biyu, maganar cewa babban wasa ba ya kawo kuɗi a ƙananan ƙasashe magana ce mai cin kanta. Abin da ba a kai kasuwa ba, ba a saba sayensa. In jama'a ba su san ko za a yi wasa ran 26 ga Disamba ba, bana a yi, baɗi a fasa, al'adar zuwa fili za ta mutu. In ta mutu, ƴan talabijin za su rage farashi. In sun rage, hukuma za ta ƙara rage wasanni, sai a ce ai ga shi nan, mutane ba sa so. Ingila da Ostaraliya suna cika filayensu ne domin kowa ya san lokacin wasa tun shekara guda kafin ya zo, uba ya kai ɗansa kamar yadda nasa uban ya kai shi.

Na uku, gani ya kori ji. Yaron Langa ko na Soweto da ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta ci duniya a Landan zai yi murna. Amma wanda ya shiga fili ya ga mutum irinsa ya tsaya yini guda yana kare sandunansa, shi ne zai koma gida ya nemi katako. Nasarar 2025 dama ce da ba ta zuwa kullum, musamman a ƙasar da aka daɗe ana ɗaukar kurket wasan farar fata. An bar ƙarfe ya huce kafin a buge shi.

Na huɗu, Afirka ta riga ta ga ƙarshen irin wannan hanya. A Kofin Duniya na 2003, wanda aka yi a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Kenya, ƙungiyar Kenya ta kai wasan kusa da na ƙarshe, duniya ta yi ta tafi. Bayan haka ba ta sami isassun wasanni da manya ba, ga kuma rikicin shugabanci a cikin gida. Zuwa 2014 ta rasa matsayinta na wasan yini ɗaya. Zimbabuwe kuwa, ko da yake tana cikin ƙasashe 12 masu ikon yin Tes, ba a sa ta cikin gasar duniya ba tun da aka fara ta a 2019. Ta share shekara 22 ba ta yi babban wasa da Ingila ba, daga 2003 zuwa 2025. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu son ƙwallon ƙafa a nan gida sun san ɗanɗanon wannan abu. Kofin Afirka na 2025 a Maroko an so a yi shi a tsakiyar shekara, sai aka ɗage shi zuwa 21 ga Disamba, domin sabuwar gasar ƙungiyoyi ta duniya ta cinye watannin Yuni da Yuli a Amurka. Wasan daban ne, amma ciwon ɗaya ne: a tsara wa masu kuɗi tukuna, Afirka ta ɗauki abin da ya rage.

Abin da ya kamata a yi

Ƙorafi kaɗai ba ya gyara. Tsarin tafiye-tafiye na yanzu yana ƙarewa a 2027, saboda haka wannan ne lokacin magana. Muna ganin abu huɗu za su taimaka.

Ɗaya, a kafa doka cewa a gasar Tes ta duniya jerin wasa ba zai gaza uku ba, kuma kowace ƙasa za ta haɗu da kowace cikin ƙayyadadden lokaci. Ba a hana Ingila da Ostaraliya yin biyar ɗinsu ba, amma kada abin da suka ƙara ya fito daga rabon wani. Shawarar da aka yi ta yawo da ita a 2025, ta raba ƙasashe gida biyu, manya da ƙanana, ba ta dace ba. Za ta mai da wariyar da ake yi a ɓoye ta zama doka.

Biyu, a raba nauyin baƙunci. A Mayu na 2025, da Zimbabuwe ta je Ingila, hukumar Ingila ta biya ta kuɗin zuwa. Wannan misali ne mai kyau, sai dai kada ya tsaya a matsayin kyauta ta ganin dama. A mai da shi ƙa'ida, a kuma ware wani kaso daga kuɗin ICC a zuba cikin asusu don taimakon masu masaukin da babban wasa ke jawo wa asara. Ƙasar da ta fasa tafiya kuma, a tilasta mata sa sabuwar rana ko biyan diyya.

Uku, a shata iyaka tsakanin gasannin ƴan kasuwa da wasannin ƙasa. Ƙungiyar ƴan wasan kurket ta duniya ta ba da shawara a 2025 cewa a keɓe lokuta huɗu a shekara waɗanda ba a yin komai cikinsu sai wasan ƙasashe. Ƙwallon ƙafa ya daɗe da irin wannan tsari. In an yi haka, ba za a sake tilasta wa ɗan wasa ya zaɓi tsakanin tutar ƙasarsa da abincin iyalinsa ba.

Huɗu, ita ma hukumar Afirka ta Kudu tana da nata aiki. Ta tsare ranakun nan biyu, 26 ga Disamba da farkon Janairu, ta ce na babban wasa ne kowace shekara, SA20 ta biyo baya. Ta kuma kula da farashin shiga. Kuɗin Ingila ya fi na Afirka ta Kudu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma in aka bar tikiti ga mai tsada kawai, baƙi za su cika Newlands, ƴan gida su tsaya a bakin ƙofa. A ware wa ƴan makaranta da mazauna unguwannin talakawa kujeru masu rahusa. Ta haɗa baki da Zimbabuwe, da tsibiran Karayib, da Siri Lanka, da sauran masu irin matsalarta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zauren ICC kowace cikakkiyar memba tana da kujera da ƙuri'a. Uku ba su fi tara yawa ba, in taran sun yarda su tsaya wuri guda.

Kurket yana ƙara yaɗuwa. Zai koma wasannin Olamfik a Los Anjalas a 2028, bayan rabonsa da su tun 1900 a Paris. A Janairu na 2025 ƴan matan Nijeriya ƴan ƙasa da shekara 19 sun kayar da Niyu Zilan a gasar duniya da aka yi a Maleshiya. Irin waɗannan yara suna buƙatar su ga cewa in ƙasar Afirka ta hau sama, ana ba ta haƙƙinta.

Wasa uku da Ingila bai kai yadda ake so ba, amma da babu gara ba daɗi. Muna taya masu jira murna, muna fatan ruwa ba zai ɓata musu ba, filaye su cika, wasa ya kai kwanakinsa. Muna kuma kira ga magabatan kurket, sa'ad da za su zauna rubuta sabon jadawali, su tuna da mutumin da ya tara kuɗinsa wata da watanni don ya kai ɗansa fili. Zakaran da ya yi cara a Landan da Indiya ya cancanci a ji muryarsa a gidansa kowace shekara. Allah shi kai mu lokacin lafiya.